Hannun Daman Maidawa

Shekara goma sha huɗu Maidawa ya yi a Maraɗi ba wanda ya ga hannunsa na dama. Naɗin dai kowa ya gan shi, ƙato kamar kan ɗan maraƙi, tsumma a ciki, igiyar dambe a waje, da layu biyu na jar fata a wuyan hannu. Abin da ke cikin naɗin kuwa mutum biyu suka sani, shi da matarsa Zuliha, kuma Zuliha ba ta cikin matan da ke sauke ciki a bakin rijiya.

Ɗan Annan Jiratawa ne, wato Maguzawa, masu noman gero da yanka wa iskoki a gindin tsamiya. Tun yana saurayi shi da hauya ba sa ga maciji. Da kaka ta yi, an ɗaure damma, sai ya bi mahauta gari gari yana dambe. Kuma ya iya, wannan kam ko maƙiyinsa bai taɓa musu ba. Yana da ido, yana da ƙafa, hannunsa na da nauyi.

Shekarar da fara ta cinye hatsi aka yi babban wasa a Tibiri, aka haɗa shi da Talle, wanda Gobirawa ke taƙama da shi. A turmi na biyu Maidawa ya sami Talle a ƙarƙashin kunne. Duk fagen ya ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Talle ya faɗi. Aka zuba masa ruwa, aka yi masa fifita, aka kira sunansa, aka kira na uwarsa. Kafin la'asar an lulluɓe shi da zane. Mutane suka watse suna cewa wuyan Talle ne ya yi wannan ƙara, alhali rabinta daga cikin naɗin Maidawa ta fito.

Bai kwance hannun ba. Haka ya taka da ƙafa daga Tibiri har Jiratawa, bai tsaya ko'ina ba sai gidan tsoho Dada maɗori, uban Zuliha. Dada ya kwance, ya duba. Ƙasusuwan sun zama tsaki. Ya yi iyakar abin da ya sani, ya ɗora, ya tofa, ya ajiye shi a ɗaki kwana arba'in. Ranar da aka buɗe, hannun ya bushe, yatsu sun lanƙwashe sun shige tafi, siriri kamar ƙafar zabo. Kafaɗa lafiya lau, gwiwar hannu lafiya lau, yana iya wulwula shi a sama yadda ya ga dama. Amma ko ludayi ba ya riƙewa, kuma in ya bugi ɗan akuya da shi, shi ne zai yi kuka kafin akuyar.

A cikin kwana arba'in ɗin nan mutane sun yi ta cika ƙofar gida, kowa na son ganin hannun da ya kashe Talle. Dada ya gaji da su, ya fita ya ce hannun ya sha jinin mutum, iskoki sun ce kada rana ta sake ganinsa, wanda ya leƙa kuwa ruwansa. Don a ba shi wuri ya faɗa, ba don komai ba. Maidawa yana daga ɗaki ya ji yadda ƙafafu suka ja da baya. Ba shi da gona mai kirki, ba shi da sana'a, ga hannu ya tafi. Sai ya shige cikin maganar tsohon ya zauna, kamar wanda ya tsinci bukka lokacin ruwa. Zuliha, wadda ta riƙe masa hannun duk kwanakin jinyar, ta ce ita za ta aure shi, ta kuwa aure shi. Damina na zagayowa Dada ya rasu.

Suka koma Maraɗi. Kowace safiya, kafin a buɗe ƙyaure, Zuliha na cusa auduga tsakanin yatsun, ta bi da tsumma, ta bi da igiya, ta ja da haƙori. Ba ya ba kowa hannu, jinjina yake. Ba ya cin abinci a zaure, a ɗaki yake ci da hagu, an saki asabari. Mutane suka ce sharaɗin magani ne. Mutane ai in sun so tsoro ba sa jiran a kawo masu, da kansu suke dafawa.

Shi kuma ya san yadda ake ƙara wa wutar itace. In Kyauta mai kalangu ya ɗauko takensa, ba ya tashi nan da nan. Sai ya bari jiki ya fara tsuma daga gwiwa, ya hau kafaɗa, har layu su riƙa karkarwa. Sa'an nan ya miƙe ya shiga fage a hankali, yana jan ƙafa ɗaya yana tona ƙasa, naɗin nan a can baya, a ɗage. Ya yi kirari, ya ce shi ne ramin da ba a leƙawa, shi ne ya aiki Talle bai dawo ba. Ya zaga sau uku. Ya tsaya a gaban wanda ya fi kowa ƙirji, baƙo ne ko ɗan gida, ya miƙa masa tafin hagu. Sai ka ga ƙato ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar da ba ta kwance ba, dattawansa na cewa ba yau ba, yaronmu bai ji daɗin jiki ba.

Sau biyu kaɗai aka tsaya masa. Wanda aka fi tunawa shi ne Abdulmutallib, mahauci, mai wuya kamar na bijimi. Suka durƙusa suna kallon juna. Maidawa bai ƙifta ba. Ya matso har numfashinsu ya haɗu, ya ce masa a hankali, yadda shi kaɗai zai ji, "Abdu, ka yi sallama da tsohuwa kuwa?" Kyauta ya sauya kiɗa, ya koma wani mai sanyi irin na rakiya. Dattawa suka ruga suka shiga tsakani, don ba mai son ya ɗauki gawa a garinsa. Abdulmutallib ya yi ta fizge-fizge wai a sake shi, amma wanda ke riƙe da shi tsoho ne da ko tunkiya ba zai iya riƙewa ba. Da dattawan nan Maidawa ya dogara duk tsawon shekarun, su kuwa ba su sani ba.

Da wannan ya ci ya sha. In an tashi wasa a ƙauye a ba shi damin gero, a ba shi riga, wani lokaci akuya. Ran kasuwa kowane mahauci na yanka masa tsoka, don shi ne garkuwarsu in 'yan Tibiri sun zo da baki. 'Ya'yansa uku da wannan naman suka girma.

Inda ya yi wa kansa, ƙari ne. Suna ya riga ya ishe shi, amma mai wasa ba ya ƙoshi da kallo. Aka fara raɗe-raɗin wai akwai zoben ƙarfe a cikin naɗin, shi ya sa ya kashe Talle. Maimakon ya yi shiru, sai abin ya yi masa daɗi. In an tambaye shi a rumfar mahauta, sai ya ce, "Matso ka shinshina mana." Ya ɗan taɓa naɗin a jikin shikashikin rumfa, a daidai lokacin ya ƙwanƙwasa zoben hagunsa a kan wuƙar da ke ƙugunsa, ta ƙarƙashin riga. Sai a ji ƙyas. A dubi juna. Zuliha ta hana shi tun ran farko, ta ce wasan ga ba shi da kyau. Ya ce mata mace mi ta sani da fage.

Shekarar da Gulbi ya ci tsohon gari aka hau tudu, bayanta da kaka ɗaya, sojojin da aka kai yaƙin Anasara suka fara dawowa. Cikinsu akwai Idirisa, ɗan ƙanwar Talle. Yana ɗan shekara tara aka shigo da kawunsa a kan asabari. Ya je ƙasashe, ya ga an tsinke mutane da bindiga mai ruwa, ya dawo ba ya tsoron laya. Bai tsaya surutu a kasuwa ba. Ya sa tsohuwar rigarsa ta soja ya nufi bariki, wurin wani ƙaramin Anasara da ke ƙarƙashin kumandan, wanda gari ke kira Mai Lofe, don lofen shan taba ba ya barin bakinsa. Shi wannan son kallon dambe ne da shi kamar ya ci. Idirisa ya ce masa da ƙarfe aka kashe kawunsa, kuma mai ƙarfen na nan yana ƙwanƙwasa shi a kasuwa kowa na ji.

Ran Laraba da hantsi Maman Lawali, tafintan Mai Lofe, ya yi sallama a ƙofar Maidawa. Bai yarda ya zauna ba.

"Saƙo ne, Maidawa, ba nawa ba. Jibi Juma'a bayan an sauko, akwai wasa a filin sabuwar kasuwa. Kai da Idirisa na Tibiri."

"Yaron ga ya gaji da duniya ne?"

"Bari in gama. Mai Lofe ya ce kowa a gabanshi za a naɗa mishi hannu. Wanda ya zo da naɗi, a kwance a duba."

Maidawa ya yi dariyar da ya saba. "Ka gaya mishi hannun ga rana ba ta ganinshi."

"Na gaya mishi. Ya ce a kawo laima." Maman Lawali ya kau da kai, ya dubi katanga. "In an sami ƙarfe, gidan kaso za a kulle ka, kuma za a tada zancen Talle. In ba ka zo ba, ya ce amsa ke nan ka bayar, za a aiko a ɗauke ka. Ni dai na isar."

Ran Juma'a da safe Zuliha ta ɗauko auduga da tsumma ta zauna, amma ba ta fara ba. Hannun na kan cinyarta.

"Maigida, Jibiya ba nisa. Ƙanena na can. Kafin azahar mun wuce Ɗan Isa, mun shiga ƙasar Ingilishi. Wa zai bi ka?"

"In gudu."

"Ka tahi ganin dangi."

"Su ce Maidawa ya ji ɗan soja ya bi daji."

"Su ce mana. Su ce da ƙarfe ka kashe, ka gudu da ƙarfenka. Ai ko a can tsoronka za a ji. In ka tsaya fa, mi za su ce?"

Gaskiyarta ce, kuma ya sani. In ya gudu sunan zai bi shi har Katsina, ya ci gaba da ciyar da shi.

"Ban sa ƙarfe ba, Zuliha."

"Ni kake gaya wa? Ni na wanke jinin."

"Da hannuna na bugi Talle. Abu ɗaya ke nan da na yi na gaskiya a duniyar ga. In na ƙetare, shi ma ya zama ƙarya."

"To da kake ƙyas-ƙyas da zobe a rumfa, ba ka tuna da hakan ba?"

Ta dube shi, ta dubi hannun. Ta ce, "Ɗiyanka gaskiya za su ci da miya, ko?" Sa'an nan ta fara cusa audugar. Ranar ta ja igiyar da ƙarfi har ya runtse ido, ba ta kuwa ce masa sannu ba.

Filin ya cika tun kafin a sauko daga masallaci. 'Yan Tibiri sun zo da makaɗansu, Annan Jiratawa sun zo da gorunansu, masu awon gyaɗa sun rufe rumfuna. An ajiye wa Mai Lofe kujera a gindin itacen bedi, da soja biyu a bayansa. An riga an naɗa wa Idirisa hannu a gaban kowa, yana tsaye ba kirari ba tsalle, kamar mai jiran mota.

Kyauta ya ɗauko taken. Maidawa ya yi duk abin da ya saba, bai rage ko ɗaya ba. Ya bari tsumar ta hau, ya ja ƙafa, ya zaga sau uku, mata na janye 'ya'yansu daga gaba. Yana zagawa yana duban inda dattawa ke zaune, sarkin fawa da mutanensa. Ko ɗaya bai motsa ba. Yau ba su ke da fage ba.

Maman Lawali ya nuna masa tabarmar da aka shimfiɗa a gaban kujera. Soja ɗaya ya matso zai kama naɗin, ya kai hannu, ya tuna da maganar iskoki, ya janye. Mai Lofe ya yi magana a gajarce. Sojan ya sake matsowa, goshinsa na zufa.

Maidawa ya ce, "Bari. Ni zan kwance abina."

Ya durƙusa. Ya cire layun ya ajiye. Ya kama bakin igiyar da haƙori ya warware kullin, ya fara juyawa da hagu. Kalangai suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Igiyar na da tsawo, Zuliha ba ta rowar igiya, tana sauka tana taruwa a gabansa. Wasu suka rufe ido da hannun riga suna leƙe ta tsakanin yatsu. Igiya ta ƙare, aka shiga tsumma. Naɗin na ta raguwa, daga kan maraƙi ya koma kamar ƙwarya 'yar ƙarama, ya koma kamar dunƙulen fura, kuma har yanzu da saura. Nan aka fara gunaguni a baya. Auduga ta zubo, iska ta kwashi wata ta yi cikin mutane, aka dare mata.

Ya ɗaga hannun sama. Fari fat don rashin rana, fatar ta yamutse, yatsu a ƙudundune.

Maman Lawali ya tona tsumman da sanda, ya girgiza igiyar, ya ce da ƙarfi, "Babu ƙarfe." Ba wanda ya kula shi. Ba ƙarfe ake kallo ba.

Maidawa ya miƙe, bai sauke hannun ba. Ya juya da shi gabas da yamma, ya buɗe murya ya ce, "Kun gani? Abin da jinin Talle ya yi ke nan. Wa ke son ya taɓa shi?" Kuma wallahi saura kaɗan ta ci, don sahun gaba sun ja da baya, wata tsohuwa ta fara kiran sunayen iskoki. Sai muryar Abdulmutallib ta fito daga cikin mahauta, ba dariya a cikinta.

"Tun yaushe yake haka, Maidawa?"

Filin ya jira. Maidawa ya dube shi.

"Tun Tibiri."

Wani ya fashe da dariya a baya, wasu suka kama. Mahauta ba su yi ba. Kowannensu na lissafin sau nawa ya sunkuyar da kai a gaban wannan abu.

Mai Lofe ya cire lofen daga baki, ya yi magana, ya ɗaga hannu. Maman Lawali ya ce, "Ya ce an gama, ba laifi a kanka. Ka tahi gida, ba a dambe da mai hannu ɗaya." Idirisa ma ya fara neman bakin igiyarsa zai kwance, fuskarsa kamar wanda ya haƙa rami bai sami komai ba. Ya ce, "Baba, je ka huta."

Baban nan ne Maidawa bai iya haɗiyewa ba. Ya ɗauki igiyarsa daga tabarma, ya miƙa wa Kyauta, ya miƙa masa hagu. Kyauta ya rataye kalangu ya naɗa, naɗin makaɗi, sako-sako. Mai Lofe ya dubi tafinta, tafinta ya ɗaga kafaɗa. Son kallo ya fi ƙarfin Anasaran, ya koma ya jingina.

Suka durƙusa. Hannun da ya kamata ya tare bugu ba ya buɗewa, Maidawa ya dai miƙa shi gaba haka nan. Idirisa ya yi ta zagaya shi ba ya kai hannu. Maidawa ya kai hagu sau biyu, na biyun ya goge shi a haƙarƙari, aka ce kai. Aka raba, aka sake haɗawa. Har yanzu yaron na ja da baya, kuma Maidawa ya gane in aka tashi a haka, za a ce an ƙyale shi ne. Ya matso kusa, ya rage murya.

"Kawunka bai ja da baya ba. Kai wa ka gado?"

Idirisa ya sakar masa bugu. Ɗaya ne, a muƙamuƙi. Maidawa ya tafi ƙasa da gwiwa da kafaɗa, ƙura ta tashi. Ya daɗe a wurin har wasu suka fara cewa a kawo ruwa. Sai ya dafa ƙasa da naɗin hagu, ya tashi da kansa, ya tofar da haƙori biyu. Makaɗan Tibiri suka buga kaɗan suka bari, don ba su san mi za su yi wa kirari ba. Zuliha na bakin fili da tulu a kai, kamar mai wucewa. Ya bi bayanta suka tafi.

Ran kasuwar da ta biyo ba tsoka ko ɗaya da ta shigo gidan. Ba a kore su ba, gaisuwa dai aka rage, sa'an nan aka bari. 'Yan Tibiri ba su riƙe shi da komai ba, sun ma ji sanyi da aka tabbatar da hannu aka kada nasu. Idirisa bai sami suna a wasan ba, har ya bar dambe ana ce masa wanda ya bugi mai hannu ɗaya. Masu zafin su ne na gida, waɗanda suka ciyar da shi, kuma suka taɓa gyara igiya a gabansa.

Kafin damina suka kwashe suka koma Jiratawa. Wani ɗan'uwan Dada ya ba su ɗan yanki a fadama. Zuliha na jan ruwa, shi yana bi da gora a hagu yana zuba wa taba da albasa, babbar ɗiyarsu Atika na kai wa kasuwa. Shekarar farko sun sha wuya, har sai da Zuliha ta sayar da tasoshinta, kuma ba ta fasa gaya masa ko laifin wa ne ba. Daga baya tabar ta karɓu, don yana da haƙurin shanya, ba ya gaggawar daka. Shekara goma sha ɗaya ya yi a haka kafin ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Yaran da suka taso a lokacin Maidawa mai taba suka sani, in an ce masu ya taɓa dambe sai su dubi hannun su yi murmushi.

Tabarsa har Maraɗi ake nemanta, mahauta ma na saye ta hannun Atika. Abdulmutallib ne kaɗai bai taɓa sa ta a baki ba. Har ya tsufa ta Madarunfa yake aikawa a sayo masa, mai ɗaci, yana tauna yana tsaki.